Ranar Da Na Nuna Masa Babana

"Sauko in ga yadda kake saukowa!"

Ya leƙo daga saman tirelar yana dariya, ya buɗe ƙofa ya diro ƙasa tim! Ina kallonsa ya cije leɓe ya dafe ƙugu.

"Dogo, sau nawa zan faɗa maka? Ka fuskanci motar, ka riƙe ƙarfen da hannu biyu, ka sauko a hankali!"

"Haba Likitar zuciyata, daga dawowa sai faɗa? Ko sannu da hanya babu?"

Ni ba likita ba ce, mai taimakawa ce a ɗakin gashin ƙashi, can muka haɗu lokacin da ciwon baya ya kawo shi. Saura wata biyu a ɗaura mana aure, kuma sharaɗina ɗaya ne tal: duk inda zan zauna, da Babana zan tafi. Ya amince da bakinsa.

Na hau cikin motar na duba, raina ya ƙara ɓaci. Kujera ya tura ta can baya ya kwantar da ita kamar gado, sai ya miƙe ƙafa kafin ya taɓa birki. Tawul ɗin da na naɗe masa don ya tokare ƙugunsa kuwa, ga shi a ƙasa ya yi baƙi da man inji.

"Walat ɗin fa? Har yanzu a aljihun baya kake zama a kanta?"

"To ina zan sa ta, a baki?"

"Ka matso da kujera har gwiwarka ta ɗan lanƙwashe, ka jingina bayanka duka, duk awa biyu ka tsaya ka taka ƙasa. Wannan ne ya gagare ka?"

"Masoyiya, maza ne a hanya, ba masu jego ba."

Abokansa direbobi da ke tsaye a garejin suka kwashe da dariya. Ni kuwa zuciya ce da ni, in ta taso ba na ganin gabana. Na ce ya biyo ni gida yanzu-yanzu.

Baba tsohon direba ne, shekara talatin yana jan babbar mota kafin bayansa ya kwantar da shi. Dogo ya sha zuwa gaishe shi, amma kullum sai Baba ya sa na shirya shi tun da wuri, in saka masa riga mai kyau, in jingina shi da matasai, in rufa masa ƙafafu. Wanda ya gan shi haka zai ce hutawa kawai yake yi.

Ranar ban sanar da shi ba. Na tura ƙofa muka same shi kwance a ƙudundune, ba riga, yana ta ƙoƙarin kai hannu ga kofin ruwa ya kasa. Na yaye zanen da ya rufa da shi.

"Kalle shi da kyau! Shi ma haka ya riƙa zama, shi ma namiji ne a hanya! Yau ni ke juya shi, ni ke kai shi banɗaki. Haka kake so ka ƙare?"

Baba ya lalubi zanen, ya kasa jawo shi. Ya dubi Dogo ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana... ka yi haƙuri, ba ka same ni a shirye ba."

A lokacin na gane abin da na aikata, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mako uku Dogo bai kira ni ba, sai na bi shi gareji da tsakar rana. Ya sauko a hankali, yana riƙe da ƙarfe. Kujerar ta matso gaba, da sabon tawul a naɗe a jikinta.

"Kin ga na ji magana," ya ce, bai kalle ni ba. "Ciwon ma ya ragu."

"To me ya hana ka kirana, abin ƙaunata?"

"Ba zan iya ba, Likita."

"Ba za ka iya me ba?"

"Zama da shi. In kwaso gajiyar hanya in shigo gida, in tarar da kaina kwance a ɗaki? Ko rufe ido na yi, shi nake gani. Ki nema masa wani wuri, sai a yi bikin."

"Mahaifina ne fa! Ba shi da kowa sai ni!"

"Ke kika nuna min. Da kin bar ni da wanda na sani."

"Dogo, don Allah... saboda ina sonka na yi!"

"Na sani. Na gode, kin ceci bayana."

Ya hau motarsa ya ja ƙofa. Na tsaya cikin rana ina kuka, makanikai suna kallona, ban damu ba.

Da na koma gida na wanke fuska kafin in shiga wurin Baba, amma tsohon bai rasa gane jajayen idanu ba. Tun ranar nan bai yi min wata doguwar magana ba.

"Ya fasa ko?"

Na durƙusa gaban gadon na ɗaga kai, hawaye suna zuba.

"Baba ka yafe min..."

"Amma ya gyara zamansa?"

"Ya gyara."

Ya kalli rufin ɗaki.

"To, ashe ina da sauran amfani," ya ce. "Juya ni in fuskanci bango, ki fita."