Auta a Cikin Akushi

A wani gari, an yi wata tsohuwa mai 'yan kyanwa uku. Autansu marowaci ne. Da ta ajiye musu tuwo sai ya hau gurnani: "Nawa ne!"

Ran nan ya ga gurnani bai isa ba, sai ya faɗa akushin, ya kwanta ruf da ciki a kan tuwon. In ya tashi, 'yan'uwansa za su ci. In bai tashi ba, shi ma ba zai ci ba.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Af, Auta ya ƙoshi har ya kwanta!" Ta raba wa sauran kan kifi.

Ya yi wuf ya fito, ya tarar ko ƙaya ba su bari ba. Ya juyo, kaji sun share tuwon tas.

Zakara ya ɗago kai ya ce, "Ga akushin nan, Auta. Naka ne."