Warin Zangon Sanda

Ranar da abin ya fara, Furera ta tuƙa tuwonta tun rana tana sama, ta kwashe, ta rufe da faifai, ta ajiye a gindin bishiyar bedi ta tsakar gida. Bazara ce, a shekarar da damina ta yi gardama kuma soji suka karɓi mulki a Yamai. A Tasawa, duk gidan da hayaƙi ya tashi da yamma maƙwabta sun san da shi, kuma gidan mijinta Mutari yana cikin masu hayaƙin. Ya dawo daga sallar magariba ya zauna a tabarma. 'Yarsa Safi, mai shekara goma sha ɗaya, ta kawo masa ruwan wanke hannu. Ya ɗaga faifan. A tsakiyar malmalar tuwon akwai kofaton akuya da ragowar fata a jikinsa, tsutsotsi farare suna fitowa daga ciki suna nutsewa a miyar kuka.

Wari ya biyo baya, irin na mushen da ya kwana uku a rana. Mutari ya zaga bayan ɗaki ya yi ta kakarin amai. Matarsa ta tsaya da ludayi a hannu, ta kasa ajiye shi.

"Ni na ruhe kwanon ga da hannuna," in ji Furera. "Ko kaza ba ta gitta ba."

"Mage ce," in ji Mutari, yana goge baki.

Shi dama mutum ne da ba ya rasa bayani. Ya yi karatun na'ura a Yamai, ya dawo gida yana aiki wa wata ƙungiyar rumbunan tsimi, masu raba hatsi a ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi. Biron ƙungiyar, wato ofishinta, shi ne shagon ƙofar gidansa. A ciki akwai babbar na'urar da yake kira serveur, wadda ke riƙe da shafin kowane ƙauye: yawan gidaje, yawan bakin ci, da hoto ɗaya. Masu aiko da hatsi daga Maraɗi sukan buɗe shafin ƙauye ta intanet, su buga takarda, su ba direban kamyo, babbar motar kaya. Inda takarda ta ce, nan buhuna suke sauka.

Adireshin shafukan nan munana ne, doguwar jela ce ta alamar tambaya da lambobi. Wani abokin karatunsa ya taɓa gani ya yi dariya, abin ya tsaya wa Mutari a rai. Wata rana da la'asar ya zauna ya kunna abin da ake kira mod_rewrite, wanda aikinsa shi ne ya tari mai neman adireshi ya juya shi zuwa wani. Ya buɗe ɗan fayil ɗin dokoki, ya rubuta wa kowace tsohuwar lamba sabon adireshi mai sunan ƙauyenta, ya kashe na'urar ya sake tada ita. Ƙauye arba'in suka fito tsaf. Sai lamba goma sha bakwai, wani zangon makiyaya da mai rajista bai damu ya rubuta sunansa ba. Doka tana son suna, suna kuwa babu. Mutari bai so mutanen Maraɗi su ga shafin kuskure su raina aikinsa. Sai ya juya lambar zuwa Garin Jatau, ƙauyen da ya fi kusa, da niyyar gobe zai tambayi sunan ya gyara.

Gobe ta yi wata biyu. An yi rabo sau biyu, kuma duk sau biyun ya ga a takarda Garin Jatau ya sami kashi biyu. Ya san dalili sarai. Amma gyarawa tana nufin ya tsaya gaban shugabannin ƙungiya ya ce shi ne, shi kuwa mai karatun Yamai ne. Ya rufe takardar ya shiga gida ya ci tuwo. Wannan shi ne abin ƙyamar, kuma ya riga kofaton akuya shiga gidan.

Kashegarin ranar kofaton, da magariba, ƙashi ya faɗo a kan kwanon rufi. Ba jifa irin ta yara ba ce, faɗowa ce daga sama, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Furera ta sa moɗa a randa ta ɗebo ruwa, sai muƙamuƙin saniya ya taso da haƙoransa. Rana ta uku suka sami danyar fata a shimfiɗe a kan gadonsu, ƙudaje sun rufe ta baƙi ƙirin. Kullum abin yakan fara ne daidai lokacin da inuwar katanga ta cinye tsakar gida, kuma kafin ya fara sai sun ji ƙarar guga an sake ta cikin rijiya, ta daki wani abu mai taushi wanda ba ruwa ba. Gidan kuwa ba rijiya, famfo suke sha.

Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta. Matan da ke wucewa ta ƙofar gidan sai su ja mayafi su toshe hanci, su tofar da yawu. Furera, macen da ke wanke tukunya sau biyu kafin ta ɗora, ta koma tana share tsutsa da tsintsiya tana hawaye. Ta ƙona turare har ya ƙare, warin ya shanye turaren.

A rana ta shida abin ya koma jikin Safi. Yarinyar ta daina cin abinci. Duk abin da aka miƙa mata sai ta shinshina ta kau da kai. Ta koma gindin randa ta tsuguna, ba ta magana, ƙudaje suna bin ta kamar ta riƙe nama. Uwarta ta yi mata wanka da sabulu sau uku a yini, kafin jikin ya bushe warin ya dawo, daga bakinta yake fita. Aka kai ta likita, suka ce ba su ga ciwo ba, sai dai yarinyar tana bushewa. Kwana tara ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Wuyanta ya zama kamar kara. Mutari yakan tsaya daga nesa ya dube ta, yana jin tausayinta, yana kuma ƙyamar matsawa kusa da ita, sai kunyar hakan ta kama shi.

Furera ba ta nemi shawararsa ba. Ta aika garin Kona aka zo da Malam Ishaƙu.

Malamin tsoho ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya iso da la'asar sakaliya, ya tsaya a zaure ya ja numfashi sau ɗaya, fuskarsa ba ta canza ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Safi, uwarta ta riƙe kafaɗunta. Ya dafa kanta ya fara karatu a kunnenta, a hankali, ba ya ɗaga murya. Inuwar katanga tana matsowa. Da ta taɓa bakin tabarmar, sai aka ji gugar nan ta faɗa. Safi ta ɗago kai. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

Muryar da ta amsa ta tsohuwa ce, a shaƙe, kamar daga ƙasan rami.

"Maƙwabciyar mutanen Zangon Sanda. Cikin rijiyarsu nike."

"Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komi ba. Tambayi ubanta lamba goma sha bakwai."

Malam ya juya ya dubi Mutari. Furera ma ta dube shi. Ya so ya fara da faransanci, amma idon tsohon bai bar masa wurin ɓuya ba. Ya faɗi abin da ya yi, tun daga dariyar abokinsa har zuwa takardun da ya rufe.

"Wato kai ka tsayawa a mararraba kana nuna ma direba hanya," in ji Malam. "Sai ka nuna mishi wadda ba ita ba."

"Na ce gobe in gyara, Malam."

Furera ta janye ƙafarta daga kusa da tasa.

"Tun kakanninsu muke zaune lahiya," in ji muryar. "In sun zo ɗibar ruwa sai sun yi sallama. Sau biyu sunka hito bakin hanya da buhunan wohi, suna kallo kamyo ya wuce Garin Jatau. Sannan sunka naɗe tabarmi sunka yi kudu. Bisashen da ba su iya tahiya sunka rarraho bakin rijiya don ƙishirwa, sunka hwaɗa ciki. Tumaki, awaki, saniya guda. Cikin wannan nike kwana. Shi ya juya abincinsu wani gida, ni ko na juyo mushena gidanshi. Ina laihina?"

"Laihinki yarinyar da ba ta san komi ba. Ki hita."

"Ina hita ranar da rijiyata ta yi tsabta."

"Ba ta kai ranar. Dubi wuyanta."

Ƙuda ɗaya yana yawo a leɓen Safi, ba ta kore shi ba.

"To shi ba ni hannun da ya rubuta," in ji muryar. "In shanye mishi shi."

Mutari ya dubi hannunsa. Malam ya girgiza kai.

"Hukunci ba naki ba ne, kuma hannun yana da aiki. Ga abin da za a yi. Yanzu shi tashi shi maida hanya inda take. Gobe shi shiga rijiyar da kanshi, ba ɗan ƙwadago ba, shi hidda abin da ke ciki. Ke kuma ki saki yarinya kahin a kira magariba. In kin ƙiya, kin san abin da ni ka karantawa gaba."

"Shi rantse."

Mutari ya rantse. Ya tashi ya shiga shago, Allah ya sa akwai kuran, ba a ɗauke wuta ba. Ya buɗe fayil ɗin. Layin yana nan inda ya bar shi. Ya goge Garin Jatau, ya rubuta Zangon Sanda, sunan da bai taɓa tashi ya tambaya ba sai da ya ji shi a bakin aljana. Ya sake tada na'urar, ya buga tsohuwar lambar. Shafin ya buɗe: gida goma sha huɗu, bakin ci sittin da uku, da hoton wata tsohuwa a bakin rijiya tana dariya. Duka gyaran bai kai tsawon alwala ba. Nan ne aman da ya yi ta masa kakari kwana da kwanaki ya zo, ya durƙusa a ƙofar shagon ya yi shi.

Daga cikin gida ya ji atishawa sau uku. Sannan ladan ya kira salla. Da ya shiga, Safi tana kwance a cinyar uwarta, da muryarta ta yara tana cewa a dama mata kunu.

Da safe ya je ya faɗa wa shugabannin ƙungiya, ya ji abin da ya ji. Suka ba shi buhu huɗu. Ya ɗora a amalanken jaki tare da igiya da guga, Malam Ishaƙu ya hau gefe. Sojan da ke shingen bakin gari ya leƙa buhunan ya ɗaga musu hannu. Tun kafin su ga zangon suka ji warinsa.

Bukkokin suna tsaye, babu kowa. A bayansu akwai ƙananan kaburbura uku, sababbi, an danne su da ƙaya. Daga bukkar ƙarshe wata tsohuwa ta fito tana dafa sanda, a gabanta ƙwarya da 'ya'yan anza a jiƙe, abincin lokacin yunwa. Mutari ya gane ta, ita ce ta cikin hoton, sai dai yanzu rabinta ce. Ta ce sunanta Lalla, ƙafarta ce ta hana ta bin sauran.

"An ce muna ba mu cikin na'ura," in ji ta.

"Kuna ciki, Inna. Ni na juya ku."

Ya faɗa mata, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama. Ta shiga bukka ta fito da tiya, kwanon awo, ta kwance bakin buhu ɗaya, ta cika, ta shafe kan da tafin hannu.

"Wannan ta ishe ni," in ji ta. "Babu mai cin sauran. Ka kai shi inda ka saba kaiwa."

Mutari ya sauke buhunan duka a ƙofarta, ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu. Malam ya ɗaure ɗaya bakin a jikin amalanke, ya yi sallama a bakin rijiyar, sannan ya sassauta masa a hankali. Yini guda ya yi yana cika guga da abin da ba ya faɗuwa, yana kama ƙafa ta zare a hannunsa, tsutsa tana hawa masa har wuya. Sai da rana ta yi ja gugar ta daki ruwa.

Tun daga ranar ba a sake jin komai a gidan ba. Safi ta yi ƙiba, maƙwabta suka dawo ɗibar wuta, Furera ta ce gidan ya koma ƙanshin bedi. Ta ci gaba da kai masa tuwo a rufe da faifai, ta ajiye ta koma, ba ta zama kusa kamar da. Shi kuwa yakan wanke hannu da sabulu, ya sake da toka, ya miƙa wa Safi ya ce ta shinshina. Ta ce, "Baba, ba komi." Sai ya gutsuri loma ya kawo ta kusa da baki, ya tsaya, ya mayar da ita cikin kwano.