Sunaye Huɗu na Gwaji

Masu hankali sun daɗe da lura cewa duk aikin da aka damƙa wa mutum amana, ta ƙofar aikin nan Shaiɗan yake shigo masa. A zamanin En'e an yi wani magatakarda da ya ɗauki hatimin ofis ya kai wa boka, ya ƙare yana tsintar takardu a bola. An yi wani malamin awo da ya miƙa ma'auninsa, ya mutu bai san nauyin kansa ba. Wanda zan ba ku labarinsa na bayan nan ne, kuma nasa ya fi muni.

Malam Zunnuraini mutumin Gaya ne, jikan waɗanda suka taso daga gabas suka zauna suna noma da fatauci. Shi ne shugaban sashen kwamfuta a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. A ofishinsa akwai wata tsohuwar babbar na'ura da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci. Mutum ne mai ilimi, amma zuciyarsa ta fi albashinsa tsawo.

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo. Aka yanke kuɗin man janareta, aka katse intanet, aka daina biyan kamfanin da ke ajiye kwafin bayanai. Ma'aikata bakwai suka koma uku. Ya rubuta takarda uku yana roƙo, aka mayar masa da su ba ko sa hannu.

"Yallaɓai, tun da ba kwafi, duk abin da ya goge a na'urar nan ya tafi ke nan," in ji mataimakiyarsa Kubura. "Mu lallaɓa ta, Allah zai kawo sauƙi."

"Lallaɓawa nake tun ina da gashi a ka, Kubura. Sa'o'ina sun gina benaye, ni ina fifita na'ura da kwali."

Wata Juma'a, daidai lokacin da jama'a ke haramar masallaci, ya hau babur ya nufi bayan Gafasa, wurin wani boka da ake kira Maikuɗi, ko da yake rigar jikinsa ba ta isa a goge mota da ita ba. Bukkarsa na ƙarƙashin wata busasshiyar tsamiya wadda ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki an rataye ƙahonin awaki masu ɗaurin jan ƙyalle, ga ƙwarya cike da baƙin ruwa, ga toka an shimfiɗa a ƙasa sumul kamar allo. Rana na ƙuna a waje, amma ɗakin sanyi ƙalau kamar gindin rijiya.

"Arziki kake so," in ji bokan, bai ɗaga kai ba. "Me kake riƙe da shi a ofishin naka?"

"Ba komai, Malam, sai sunaye."

Bokan ya yi dariya har ya tuntsire da tari. "Sunaye, ka ce ba komai? Ai abin da mutanena ke ci ke nan." Ya ja layi huɗu a tokar da ƙashin kaza, ya sa tafi ya shafe ɗaya. "Sau huɗu. Duk bayan wata shida ka goge suna guda daga na'urarka, da hannunka. Wanda ka goge namu ne."

"Me zai sami mai sunan?"

"Kai da ka sallami mutum huɗu, ka bi su gida ka ga abin da ya same su?"

 Can sai wata dabara ta faɗo wa Zunnuraini. Shekaru tara da suka wuce, lokacin da aka kafa na'urar, an shigar da sunaye huɗu na gwaji don a ga ko tana aiki. Ba na ma'aikata ba ne, kuma a jeri lamba kawai suke nunawa: gwaji na ɗaya zuwa na huɗu.

"Kowane suna ya yi?"

"Kowanne, muddin yana ciki."

"To, na yarda."

"Ka ji da kunnenka, ban zaɓa maka ba," in ji bokan, ya miƙa masa ƙwaryar. Ya kurɓa, ya fito yana murmushi, yana ganin ya yi wa aljannu wayo.

Ranar Litinin ya goge gwaji na ɗaya ba tare da ya buɗe shi ba. Kafin sati ya zagayo, wani attajiri da bai taɓa gani ba ya ba shi kwangilar kai kwamfutoci makarantu. A watan ne Baffa Mala, ƙanin mahaifinsa wanda ya raine shi, ya kwanta a gindin darbejiya bayan la'asar, bai tashi ba. Aka ce tsufa ne, shi ma ya ce tsufa ne.

Ya goge na biyu. Ya gina bene a Gaya, ya sayi gonaki har Toranke. A sabon gidan ne matarsa Safara'u ta tsaya tsakar gida da ludayi a hannu, ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Daga ranar ba ta ƙara amsa sunanta ba.

Ya goge na uku. 'Yarsa Rauda, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, ta yi zazzaɓin kwana biyu ta cika.

Bayan sadakar bakwai, Kubura ta same shi a ofis da wani tsohon fayil.

"Yallaɓai, na ga ana goge sunayen gwaji, sai na nemo takardar ranar da aka kafa na'urar. Ka tuna wanda ya zo koya mana aiki da ita ya ce a shigar da sunayen da aka sani don kada a ɓata lokaci? Kai ka zauna ka shigar."

Ya karɓa. Rubutun hannunsa ne. Na ɗaya Mala, na biyu Safara'u, na uku Rauda. Na huɗu, sunansa ne da na mahaifinsa.

Ko hula bai ɗauka ba ya nufi bayan Gafasa.

"Ka mayar mini da su!" ya ce, yana durƙushe a bakin tokar. "Ka karɓi benen, ka karɓi gonakin."

"Ku da kuke da na'ura, kun ajiye kwafi?"

"An daina biya."

"To, mu ba mu taɓa ajiyewa ba." Bokan ya nuna layin da ya rage a tokar. "Saura ɗaya. In ka ƙi gogewa, ka zauna ka tsare shi. Amma na'urar a hannunka take, kuma ranar da ta mutu, a hannunka ta mutu."

Ba a jima ba aka sake tsuke kasafi, aka rufe sashen ɗungurungum, aka sa tsofaffin kaya a gwanjo. Zunnuraini ya sayi na'urar. Kubura ta gargaɗe shi cewa ta tsufa ƙwarai, in aka kashe ta ba lallai ta sake tashi ba. Saboda haka aka ɗauko ta haɗe da batir har ɗakinsa, ya kunna janareta, bai ƙara yarda a kashe ba. Kwangila ta ƙafe. Ya sayar da mota ya sayi mai. Ya sayar da gonakin Toranke ya sayi mai. Ya sayar da benen, ya koma wani kango da na'urar da matarsa, yana zaune yana fifita ta da kwali, kamar yadda yake yi tun farko.

Wata Juma'a da rana maƙwabta suka ji ƙarar janaretan ta tsaya. Suka shiga suka tarar da shi zaune, jarkar mai babu ko ɗigo a hannunsa, idonsa a kan baƙin gilashin na'urar. Yana numfashi. Liman ya buɗe baki zai kira shi, sai ya rasa da me zai kira shi. Ya waiwaya ya dubi jama'a, kowa ya sunkuyar da kai yana lalube.

Har yau yana nan yana gewaya bakin kasuwa. Ya ku masu riƙe da amanar ofis, in an rage muku kasafi, ku rage buri, ku riƙe abin da ya saura da gaskiya. Wanda ya nemi ƙari a bukkar boka, daga cikin gidansa za a ɗebe. Kuma ku sani, Zunnurainin da na yi ta kiran sa, ara masa na yi. Makaranta ɗaya muka yi da shi, na halarci ɗaurin aurensa, amma na yi shekara biyu ina neman sunansa na gaskiya a kaina, ban same shi ba.