Kaset Zuwa Badun

Ranar kasuwar Madawa ce, can tsallaken iyakar Najeriya ta arewa, rana ta take. Surajo mai gyaran rediyo yana sunkuye a rumfarsa yana fama da wata waya, sai aka dire masa rediyo a kan tebur, an naɗe ta da kallabi kamar jaririya. Ya ɗago kai zai yi mita, sai ya fasa. Budurwa ce doguwa mai wushirya, idanunta sun yi ja irin na wanda barci ba ya isarsa.

"Ina wuni. Ta daina magana tun shekaranjiya," in ji ta.

"Lahiya lau. Bar ta nan, ki dawo kasuwa mai zuwa."

"Ba ni iya barin ta kwana bakwai."

Ya buɗe bayanta, ya ga batura ne suka zube suka ci ƙarfe. Aikin minti goma ne, amma Surajo, da duk Madawa ta san shi da zafin nama, sai da ya ja shi har la'asar. Kafin ya ɗaure kusar ƙarshe ya san sunanta Zaliha, daga Azarori take. Ya kuma san abin da ya hana ta barci. Mahaifinta Haruna ya tafi cin rani Badun, can kudancin Najeriya, yana sayar da shayi. Yana can aka rufe iyaka a watan huɗu na 1984, kuma wata tara ke nan babu wasiƙa, babu kaset, babu wanda ya ce ya gan shi. Kullum tana murɗa tashoshin Najeriya tana sauraren gaishe-gaishe, ko Allah zai sa ta ji sunansa.

"In ta sake yin shiru ki kawo ta," ya ce.

"In ba ta yi ba hwa, Injiniya?"

"Ki kawo ta duk da haka."

Rediyon nan ba ta sake lalacewa ba, amma ta zo Madawa sau shida. A ranakun da Zaliha ba ta samu fita ba, Inna Cima mai kai albasa kasuwa ita ke ɗauko takarda a ƙullin zanenta, tana tsokanar Surajo cewa ita ce uwargida. Zaliha ta yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, rubutunta manya-manya, ba ta ɓata kalma.

Da magana ta yi ƙarfi, manyan Surajo suka ɗauki goro suka nufi Azarori. Gidan yana hannun Baba Alhusaini, yayan Haruna, dattijo mai taurin kai da ba ya maimaita magana. Ya karɓe su da fura, ya saurare su tsaf, sannan ya tura musu goronsu.

"Yaro ba shi da aibu. Amma ɗiya da ubanta. Ba ni ɗaura mata aure sai na ji daga bakin Haruna."

Aka ce masa ai shi ma uba ne, shari'a ta ba shi. Ya ce shari'a ta ba shi in Haruna ya mutu, wa ya zo masa da labarin mutuwar? Suka ɗauki goronsu suka koma.

Da labari ya iso wa Surajo, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ce to shi zai je Badun ya jiyo daga bakin Haruna. Maganar ta fita da sauƙi. Sai da ya koma rumfa ya zauna shi kaɗai, sannan ya san abin da ya ɗauko wa kansa.

Don kuwa a shekarar nan ba a ambaton Najeriya sai an rage murya. Ana cewa masu tsaron iyaka ba sa tambaya sau biyu. Ana cewa an kama wasu a hanyar daji bayan Bangi, har yau ba a san inda aka kai su ba. Wani ya dawo da ƙafa daga Sakkwato, babu takalmi, bayansa duk shatin bulala. Gaskiya da ƙari duk a haɗe ake sayar da su a kasuwa, Surajo kuwa yana saye duka.

Ya fara shiri. Ya ɗauki hoto, ya sabunta kart ɗinsa ta shaida, ya je likita aka yi masa allurar matafiya. Da ya nemi takardar ƙetare iyaka, ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ba a ba da takardar shiga ƙofar da aka rufe. Kart ɗin ma ta zame masa abin tunani. In ya riƙe ta aka kama shi, ita za ta tona cewa baƙo ne. In ya bar ta wani abu ya same shi, babu wanda zai san gawar wa ce. Mahaifiyarsa ta karɓa ta ɗinke masa ita a cikin ƙugun wando, tana ɗinki tana sharar hawaye. Ta dube shi ta ce, "Kart dai mun ɓoye ta. Zanen huskarka hwa? Kowa ya gan ka ya ga Ba'adare."

Ya hau mota ya je Buza wurin malamin mahaifinsa. Malam ya duba, ya zaɓa masa rana, ya ba shi laya, ya kuma ja masa kunne irin yadda ake ja wa kowane matafiyi a Adar: ranar tafiya ba a faɗa wa kowa, don baki.

Mai ƙetarar da shi kuwa Rabo ne, ɗan fasa-ƙwaurin fetur da ya san kowace hanyar jaki tsakanin Bangi da Sabon Birni. Matsalar ɗaya ce. Rabo ma ya daɗe yana zagaya ƙofar gidan su Zaliha da sabon babur ɗinsa. Ya amsa zai kai Surajo har bakin titin can ƙetare, ya amsa da fara'ar da ta fi ƙarfin maganar. Washegari sai ga shi a Azarori, ya tarar da Zaliha a bakin rijiya.

"Mutuminki ya saida tebur da kayan aiki duka," ya ce. "Wanda za shi dawo ba ya saida abin cin abincinai. Tambaye shi ranar tahiya ki gani ko ya gaya miki."

Ta tambaya ta bakin Inna Cima, aka dawo mata da cewa ba ya iya faɗa. A ranar ta kasa cin tuwo. Ta zauna ta rubuta masa:

"Surajo. Haka babana ya yi. Bai faɗi rana ba, muka tashi muka ga tabarmarsa a naɗe. In gudu za ka yi ka gudu da ido biyu, kar ka fake da ni. In kuma don ni ne, ban so. Na fasa. Gara in zauna haka ina jin kana Madawa da ranka. Zaliha."

Ta sa sunansa tsirara, babu Injiniya, abin ya soke shi. Amsarsa ta zo da jakin albasa na gaba:

"Zalihata, hasken idona. Kayan aiki suna ɗakin innata, aiko a gani. Tebur kawai na ba maƙwabci ya riƙe mini wuri. Rana kuwa malam ya hana, ba don ke ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro nake ji, ko ruwa na sha sai na ji shi a wuya. Amma na fi tsoron in tsufa ina ganinki a gidan wani. Ranar Laraba ina zuwa da kaset. Naki har abada, Injiniya."

Ta karanta sau uku, ta ji kunyar zargin da ta yi masa. Amma kunyar ba ta rage mata komai ba, don yanzu ta tabbata da gaske zai tafi. Ta daka masa garin gero da kanwa, ta soya ƙuli-ƙuli, ta sayo cuku. Duk abin da ta ƙulla sai ta kwance ta sake ƙullawa.

Kaset ɗin kuwa dole ne. Haruna bai san Surajo ba, ba kuma zai ba baƙo 'yarsa don ya zo da labari mai daɗi ba. Yadda mutanen Adar ke yi da 'yan cin rani shi ne a taru a yi magana a cikin kaset, babban gida ya fara, ya gaida mai nisa, ya lissafa masa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wanda aka haifa da wanda ya rasu, sannan ya faɗi saƙo, ya bayyana ɗan aiken da hanyar da ya biyo. Sai mai nisa ya juya kaset ɗin ya ba da amsa a ɗaya gefen.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Surajo ya sa sababbin batura, ya ajiye rediyo mai kaset gaban Baba Alhusaini, ya koma gefe ya durƙusa. Mairamu mahaifiyar Zaliha tana bakin ɗaki, Zaliha na bayanta ta riƙe mata zane kamar ƙaramar yarinya. Surajo ya danna jan maɓalli.

Dattijo ya gyara murya. "Salamu alaikum. Haruna, ni na, Alhusaini. Ina gaishe ka, ina gajiya, ina baƙunci." Ya bi gida ɗaki-ɗaki. Ya ce Mairamu lafiya, Hasana ta haihu namiji. Ya ce damina ba ta yi ba, ko dami goma ba su ɗaure ba. Ya ce Iro makaho ya rasu, saniyar nan ja ma ta tafi. Muryarsa tana nan daram kamar mai karanta takarda.

"Sai maganar ɗiyarka. Wanga yaro da ya kawo maka kaset, sunanai Surajo. Ya biyo ta Bangi, ta daji, da ƙahwa." Ya tsaya. "Ta daji... inda sunka ce ana harbi."

Kaset yana juyawa. Ana jin ƙararsa ƙir-ƙir-ƙir, da kukan kaza can bayan rumbu. Surajo ya miƙa hannu zai tsayar, dattijo ya ɗaga masa yatsa.

"Haruna, ni ya kamata in tahi waccan shekara. Na ce ƙahwata na ciwo, kai ka tahi. Ni na raka ka tasha, ni na ɗora maka jaka bisa mota." Muryar ta fara rawa. "Kullum in an yi sallama bakin zaure sai gabana ya hwaɗi. Sun ce in ɗaura ma ɗiyarka aure, na ƙi, don in na zauna mazauninka kamar na ce ba ka dawowa. To ga shi ina shirin raka ɗan wani shi ma. In shi ma ya yi shiru, wa zan aika?"

Mairamu ta toshe bakinta da gefen mayafi. Zaliha ta sulale ta zauna a ƙasa.

Baba Alhusaini ya share fuska da hannun riga, ya matso da bakinsa kusa da rediyon kamar mai raɗa wa ɗan'uwansa a kunne.

"Ka yi mini gahwara, ƙanena. Na ba shi ɗiyarka. Da sunanka na ba shi, ba da nawa ba. In ka ji haushi, dawo ka yi mini hwaɗa, ina nan zaune ina jiran ka."

Ya juya ya harari Surajo, wanda bakinsa ke buɗe. "Kashe abinga. Kaset shi ka tahiya, direbobin goro ba su rasa hanya. Kai kuwa ko Bangi na ji an gan ka, na hwasa."

"To, Baba," in ji Surajo. Ya danna maɓalli uku kafin ya dace da na kashewa.

Kaset ya bi hannun wani direba, daga shi zuwa wani. Babu wanda ya iya cewa ya isa ko bai isa ba. Rabo ya ji labari ya ce dama shi taimako ya yi niyya, aka bar shi da maganarsa.

Bayan sati uku, ranar Juma'a da safe, aka taru a ƙofar gidan. Shekarar yunwa ce, babu wani shagali, goro ne da dabino kaɗan. Da liman ya tambayi waliyyin amarya, Baba Alhusaini ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji, ya ce shi wakili ne kawai, a madadin ƙanensa Haruna da ke kan tafiya. Aka shafa fatiha. Aka roƙa wa ango da amarya zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, aka roƙa wa matafiya Allah ya buɗe musu hanya, amin ɗin ta biyu ta fi ta farko ƙarfi.

A cikin ɗaki Zaliha tana lulluɓe, hannuwanta sun yi jajir da lalle, tana jin guɗa ta tashi a tsakar gida. Har lokacin ba ta sakankance ba. Ta kamo hannun Inna Cima.

"Inna, leƙa mini. Da gaske yana wurin?"

Tsohuwa ta yi dariya, ta ce yau ga amarya da aike. Amma ta tashi, ta je har zaure ta leƙa, ta dawo ta zauna kusa da ita.

"Shina nan, ɗiyata. Ya cire takalmi ya zauna."

Sai a lokacin Zaliha ta kifa kanta a cinyar tsohuwar ta yi kukan amare.