Mai Sauraro a Ɗakin Ƙasa

Da yammacin ranar da aka kawo faifan, Halina tana feraye dankali, mijinta Zenon yana shan shayi, 'yarsu Jagoda kuma tana bakin taga tana kallon duhun hunturu yana sauka a kan garin Hajnowka tun la'asar ba ta yi sakaliya ba.

Abokan Radek ne suka kawo kwalin faifan, su uku, da gashi har gadon baya da baƙaƙen riguna, kawunansu a sunkuye. Radek ɗan gidan ne, kuma shi ne mawaƙinsu a kiɗan nan na death metal, wanda ake tono murya daga ƙasan ciki kamar gurnanin bijimi. A lokacin kaka ya gama ɗaukar muryarsa. Da shigowar sanyi motarsu ta zame a kan ƙanƙara, su uku suka fito, shi bai fito ba. Yau ga faifansa ya fito, na farko, kuma na ƙarshe.

Zenon bai ce musu ko ku zauna ba. Mai gyaran famfo ne, mai taurin kai kamar ƙarfen da yake murɗawa. Shekara da shekaru, duk yammar da yaran suka fara ruguntsumi a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, yakan ɗauki sifana ya yi ta bugun bututun ruwan zafi har sai sun yi shiru. Ya karɓi kwalin, ya wurga shi ɗakin ƙasan, ya kulle, ya sa makulli a aljihu.

"Ba a gidana ba," in ji shi. "Wannan haushin karnukan ne ya sa shi a motar."

Yaran suka fita. Gida ya yi tsit, irin shirun da ke da nauyi a kafaɗa. Can sai bututun ya yi ƙara. Daga ƙasa ake bugawa.

Haka aka fara. Kowace yamma, da zarar haske ya janye daga taga, sai bugun ya taso, sannan dunƙule-dunƙulen kwal su riƙa dukan ƙofar ɗakin ƙasa ta ciki, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Wata yamma Jagoda ta ajiye cokali, ta je ta tsaya gaban ƙofar nan, ta buɗe baki. Abin da ya fito ba muryar yarinya ba ce. Gurnanin Radek ne, sak, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin ya fara.

'Yan surutun unguwa, waɗanda ko kyanwa ba su taɓa binnewa ba, suka ce alhakin kiɗan Shaiɗan ne. Ƙarya suke yi. Yaron nan shi ke faskara wa tsofaffin layin itace, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. Amma abin da ba su sani ba ya fi wannan ciwo. Halina ta daina tsoro. Da magariba takan jawo kujera kusa da 'yarta, ta rufe ido, ta saurara. In Zenon ya yunƙura zai girgiza yarinyar, sai ta riƙe hannunsa.

"Bar shi ya ƙarasa. Don Allah, bar shi."

Jagoda kuwa tana ƙarewa. Da rana ko raɗa ba ta iyawa, miya ba ta wucewa a maƙogwaronta, in ta yi tari sai jini a hankici. Ranar da Zenon ya ga hankicin, bai yi shawara da kowa ba. Ya tuƙa mota zuwa wani ƙauye a bakin daji, ya ɗauko Kaka Wiera, tsohuwar da ke magani da addu'o'in tsohon coci, tana karanta su cikin raɗa.

Ta iso ana gab da magariba. Ta zaunar da yarinyar, ta riƙe kwanon ruwan sanyi bisa kanta, ta tsiyaya narkakken kakin zuma a ciki, leɓunanta suna motsi. Bututu ya buga. Kan Jagoda ya ɗago.

"Kai wane ne?" in ji tsohuwar.

"Radek."

"Ɗana!" Halina ta zabura.

"Zauna, 'yar nan. Matattu ba sa aron maƙogwaro. Ɗanki yana inda Allah ya ajiye shi." Ta juya ga yarinyar. "Kai kuma faɗi gaskiya, munafuki. Na ga iyayen gidanka, balle kai."

Da muryar ta dawo, ta aljani ce, siririya, busasshiya, kamar iska a cikin bututun hayaƙi.

"Ina ƙarƙashin gidan nan tun ba a aza tubalinsa ba. Ba wanda ya taɓa sauko mini da wani abu sai kwal da tsummoki. Sai yaron nan ya zo da muryarsa. Kullum gutsure nake ji. Su fara, tsohon can ya buga ƙarfe, su tsaya. Yaron yana ce wa abokansa wata rana za a ji shi ɗungurungum. Na jira. Sai aka jefo mini kwali, aka kulle."

"Shi ya sa kake cin yarinya da ranta?"

"Ku bar mini ita yamma ɗaya a mako. Zan yi muku muryarsa har ku tsufa. Uwar tana so. Tambaye ta."

Kaka Wiera ta dubi Halina. Hawaye yana bin haɓarta yana ɗiga a kan rigarta. Sai wata 'yar murya ta ɓullo daga ƙarƙashin ta aljanin, da ƙyar.

"Mama... zafi."

Halina ta durƙusa, ta rungume ƙafafun 'yarta.

"Tafi da ita," ta ce. "Tafi da muryar. Bar mini 'yar da ta rage."

"To a sa mini faifan," in ji aljanin. "Daga farko har ƙarshe. Tsohon ya zauna, hannunsa ba komai."

Zenon ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro makulli.

Suka sauka. Ɗakin yana warin kwal da sanyi, ga na'urar Radek a inda ya bar ta. Halina ta ɗora faifan. Kiɗa ya faɗo musu kamar rufin gida ya rufta, Zenon yana zaune a kan akwati, hannuwansa a kan gwiwa, bai gane ko kalma ɗaya ba. Waƙa ta wuce, wata ta biyo. Dab da ƙarshe sai kiɗan ya yanke. Daga cikin faifan aka ji ƙarar sifana a kan bututu, bugun Zenon na kansa, mai fushi, wanda yaron ya ƙi gogewa. Aka ji dariyar samari. Sannan muryar Radek ta yau da kullum, wadda yake neman ƙarin miya da ita:

"Na ji, Baba! Saura ɗaya."

Waƙar ƙarshe ta taso, ta ƙare. Wani sanyi ya ratsa ta tsakaninsu ya haura matakala. Jagoda ta sulale jikin uwarta, ta ce a ba ta ruwa.

"Ya tafi," in ji Kaka Wiera.

Zenon bai ji ta ba. Idonsa yana kan faifan da ke ta juyawa a banza.

"Halina," ya ce, "yaya ake mayar da faifan wurin da ya yi magana?"

Har yau, in duhu ya fara sauka, gurnanin faifan yakan taso daga ƙasan gidan, ya cika layin. Ba wanda ke buga bututu.