Zoben Inna

Da hantsi aka ga yatsan Inna ba zoben zinarinta, sai farin shaci inda ya shekara arba'in. Kafin Sajan, 'yar sandan da aka kira, ta iso har an yanke hukunci: an fito da jakar mai jinyar da aka ɗauka ta kula da Inna, an dire ta a bakin ƙofa.

Abin ya ba Sajan haushi. To kiran me aka yi mata? Mai jinyar kuwa tana tsaye kamar an dasa ta. Muddin ƙarar nan ta kai ofishin da ya turo ta, ta bar aikin jinya ke nan har abada.

"Ba sai kin wahala ba," in ji Yaya, babban ɗan Inna. "Zoben nan ya kafe a yatsa, ba ya fita sai da sabulu. Wa ke mata wanka?"

"Malam, ni ke tambaya a nan."

Ta fara da mai girki. Ita ko ɗakin ba ta shiga, tun da Inna ta hana ta shiga saboda rage gishiri. Sai Auta, wadda ta fi kowa kuka, amma kwananta goma a wurin aiki, tikitin motarta na safiyar nan yana jaka.

Sajan ta juya ga mai jinya. "Kina rubuta aikinki?"

"Kullum, ranki ya daɗe."

Littafin yana gefen gado, ƙarƙashin kwalaben magani. Awon jini, lokacin juya ta, har cokali nawa ta ci. A shafin Talata an rubuta: "Kumburin yatsu ya sauka. Zobe yana yawo, a cire a adana." Ƙasan wannan akwai sa hannu.

"Hannun wa ye wannan?"

Yaya ya hau gyaran murya.

"Haba Malam! Ka karanta da idonka cewa zobe yana yawo, yau ka zo kana min zancen sabulu? Bayan ita, kai kaɗai ka san ya saki. Ita kuwa da sata ta nufa, sai ta rubuta a adana?"

"Sajan, ai ni..."

"Ba barci nake ba jiya da la'asar," Inna ta faɗa daga gado, da ƙyar. "Na ji ka riƙe hannuna. Na yi murna, wallahi. Shekara biyu rabonka da riƙe shi."

Yaya ya laluba aljihu, ya ajiye zoben a kan littafin.

Inna ko kallonsa ba ta yi ba. "'Yata, shigo da jakarki. Bayana ya gaji, zo ki juya ni."