Alfarmar Brianna

Wayar Rogelio ta sake yin ƙara a kan teburin cin abinci, sunan Brianna ya fito ɓaro-ɓaro.

Araceli, wadda zai aura, ta ajiye cokalinta.

"Ɗauka mana. Mutuniyarka ce."

"Haba zuciyata... maganar gida ce kawai."

"Ranar Lahadi? A gaban babana?"

Brianna ce ke sayar da gidaje a sabuwar unguwar da wani kamfani ke ginawa a bayan garin San Antonio, a jihar Texas. Ita ce kuma budurwar Rogelio lokacin suna sakandare. Ranar da suka je ganin gida ta rungume shi, ba ta sake shi ba sai da Araceli ta yi gyaran murya. Tun daga nan kira bai yanke ba.

Eusebio, mahaifin Araceli, ya goge gashin bakinsa a hankali.

"Saurayi, nawa aka rage maka?"

"Baba, kamfanin ba ya rage farashi. Amma Brianna ta sha faɗa da manajanta har aka ba mu firji kyauta. Ta ce saboda ni ne kawai."

"Saboda kai..." Araceli ta maimaita.

"Ni dai ba na ba da 'yata ga wanda ko a gwanjo ba ya iya cewa a rage," in ji tsohon. "Yau gida, gobe a sayar maka da iska."

Araceli ta miƙe, idonta ya cika.

"Ranar Asabar za ka sa hannu, ko? To in ka sa a kan alfarmar matar nan, kai da firjinka za ku tare!"

A Texas ba a bayyana kuɗin da aka sayar da gida. Wanda ke son sani sai ya tambayi mai gidan, kuma ba a zuwa tambaya hannu rabbana. Araceli ta wuni tana naɗe tamale, wani abinci mai kama da alale, a ɓawon masara, ta cika kwando.

Tana fitowa washegari ta tarar da Rogelio jingine da motarsa, riƙe da fure, kamar wanda bai yi barci ba.

"Masoyiyata, ki yi haƙuri..."

"Ajiye furen. Riƙe kwando."

Layin da aka fara tarewa suka nufa. Ƙofar farko wata dattijuwa ce ta buɗe, Madam Tran, ƙamshin tamale ya sa ta washe baki tun kafin su gama gaisuwa.

"Firji?" Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "'Yata, kowa a layin nan an ba shi firji. Ni da na ɓata rai har injin wanki aka ƙara min."

Araceli ba ta ko kalli Rogelio ba.

A gida na gaba wani tsoho mai suna Pruitt na ba ciyawa ruwa. Ya karɓi tamale biyu, ya nuna katangar katakon da ta zagaye bayan gidansa.

"Wannan su suka kafa. Ciyawar nan su suka shimfiɗa. Kuɗin takardun banki ma su suka biya."

"Amma an ce ba sa ragi," in ji Rogelio.

"A takarda ba sa yi, ɗana. In suka rage naka, darajar sauran da ba su sayar ba ta faɗi. Ta bayan fage suke bayarwa, kuma sai ga wanda ya buɗe baki. Kai me aka ba ka?"

"...Firji."

"Shi kaɗai?" Tsohon ya dube shi da tausayi. "Wa ka yi wa laifi?"

Har suka gama layin labarin bai canza ba. A mota Rogelio ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Ashe ni aka fi rainawa a unguwar nan."

Fushin da Araceli ta kwana da shi ya bi iska, dariya ta ƙwace mata.

"Kai da alfarmarka!"

"Na rantse ban taɓa jin komai game da ita ba tun da na san ki. Kunya ce kawai, kullum sai ta tuna min wahalar da ta sha a kaina."

"Na sani, wawana." Ta shafa ƙeyarsa. "Amma ranar Asabar ba zan ce uffan ba. Kai za ka yi magana."

Asabar ta zo. Brianna ta tarbe su da murmushi, ta tura takardu gabansa.

"Rogi na, ga alƙalami."

"Sunana Rogelio." Ya ture alƙalamin gefe. "Mun gaisa da maƙwabta. Muna son katanga, da ciyawa, da kuɗin takardun banki."

Murmushin ya ɗauke.

"Bayan duk abin da na yi maka?"

"Kin yi wa Madam Tran fiye da haka, kuma ba kya kiranta ranar Lahadi."

Ya miƙe, ya kama hannun Araceli.

"Taso abar ƙaunata. Akwai wani kamfanin a tsallaken titi."

Ba su kai ƙofa ba Brianna ta ce su dakata ta kira manaja. Aka ba su katanga, aka ɗauke musu kuɗin banki. Ciyawa dai aka hana, duk da ya sake miƙewa.

Da yamma ya kai wa Eusebio labari, yana ta sosa kai.

"Ciyawar ce ban samo ba, Baba."

Tsohon ya gyara zama.

"Da bakinka ka tambaya?"

"Da bakina. Har sau biyu na tashi."

"To bar musu ciyawarsu, tasu ma ba ta jure rana. Ni zan shimfiɗa muku da hannuna." Ya juya wajen 'yarsa, wadda ke leƙe ta ƙofar kicin tana danne murmushi. "Ke kuma daina leƙe, kira mamanki. A je coci a tsayar da rana."